Abin da Inna Ta Shanya a Igiya

Sallah biyu ke nan muka yi babu Inna, ƙarama da babba, kuma sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro a kan maganarta. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa ciwon ajali ba ya jin magani. Na yarda, in kwana ya ƙare ya ƙare. Amma akwai wata uku cur da mahaifiyata ta yi tana zubar da jini, ina gani ina kawar da kai, kuma wannan ba zan ɗora wa ajali ba. Shi ya sa nake rubutawa, ko wata mai uwa a raye za ta karanta ta fi ni dabara.

Sunana Rabi, ina koyarwa a wata firamare a nan Wudil. Mu uku Inna ta haifa: ni, sai Habibu da yake aiki a Fatakwal, sai Auta da take aure a Jos. Ni ce 'yar fari, kuma Inna irin mutanen da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son magana da ni, "ke" ce. In da ƙannena take, "yayarku" ce. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Tsokar da ta fi kyau a tukunya a kwanona take ƙarewa, sai dai ta hannun wani za ta biyo. Muna iya yin awa biyu muna hirar tsadar tumatir da rigimar maƙwabta, amma abin da ya shafi jikinta ko nawa, ko da wasa bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Auta ce ake wannan da ita, a ɗaki, ana ƙus-ƙus ana dariya.

Tun bayan rasuwar Baba, Inna take zaune a gidanmu na Sabon Gari, ɗalibai mata na jami'a suna haya a ɗaya ɓangaren. Ni ce kusa, don haka kullum in an tashi daga makaranta can nake fara biyawa. A gidan igiyar shanya biyu ce. Ɗaya tana bayan banɗaki, inda ake shanya abin da bai kamata ido ya gani ba. Ɗayar tana tsakar gida, daga jikin darbejiya zuwa ƙusar ƙofar ɗakin Inna, kuma a ƙarshenta na wajen ƙofa nake rataye mayafina duk ranar Allah kafin in shiga madafi.

Ranar goma ga azumi na zo rataye mayafi, sai na tarar da wasu 'yan tsummoki guda huɗu a daidai wurin. Yankan tsohuwar atamfa ne, an wanke su tas, amma tabon bai gama fita ba. Duk mace ta san irinsu. Inna kuwa ta haura sittin, ta fi shekara goma da daina al'ada. Na sani don a bakin Auta na ji tun lokacin. Na dubi madafi, Inna tana tsugune tana dama kunu, ta ba ni baya. Abin da ya zo mini a rai shi ne tsufa ya fara sa ta mantuwa, matar da ko ɗankwalin barcinta ba ta shanyawa a tsakar gida. Na ɗauko wani zane a bakin gadonta na rufa a kai, don kada mai kawo ruwa ya shigo ya gani. Na shiga madafi muka ci gaba da zancen farashin ƙanƙara, ina jin kamar na yi mata wata babbar hidima.

Sau uku haka ta faru kafin azumi ya ƙare, sau uku ina rufa zanen nan. Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji biyar ina koya musu kiwon lafiya, ina cewa in kun ga abin da ba ku gane ba a jikinku ku gaya wa babba. Na yi niyyar kiran Auta in sa ta tambaye ta, sai na tuna tana fama da tsohon ciki, likita ya hana a tayar mata da hankali. Na ce bari a sha ruwa. Da aka sha ruwa na ce bari a shiga goman ƙarshe. Daga nan kuma hidimar Sallah ta haɗiye mu gaba ɗaya.

Sai wanda ya san Inna zai gane abin da nake nufi. Sallah ce kaɗai take tara mata 'ya'yanta da jikokinta a gida ɗaya, don haka ta mayar da ita sarautarta. Tun tsakiyar azumi ake fara cincin da dubulan da alkaki. Tuwon Sallarta yana shiga gida sama da ashirin, kowane gida ta san kwanonsa, ta san mai son man shanu da wanda likita ya hana. Ba ta yarda wani ya tuƙa mata. In ka karɓi muciya za ta tsaya a kanka tana gyara maka hannu har ka gaji ka miƙa mata abinta. A Sallar nan na ga tana tuƙi tana tsayawa, tana dafe mararta, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin ɗankwali. Na samu ƙarfin halin cewa ko za mu leƙa asibiti a duba ta, ta rame. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, ta rame. Ta ce azumi ne, wa ya ƙi ramewa, kuma ko ma mene ne sai bayan Sallah. Wallahi har daɗi na ji da ta faɗi haka, don ta sauke mini nauyi.

Bayan Sallah ta ce sai ta gama sitta shawwal. Tana gamawa Auta ta haihu, Inna ta tafi Jos wankan jego, ta yi sati uku tana dafa wa wata ruwan zafi alhali ita ce mai buƙatar a kula da ita. Ko Auta ba ta gaya wa ba, wai mai jego ba a ba ta labarin tashin hankali. Tana dawowa aka shiga maganar ragon layya. Igiyar tsakar gida kuwa ban sake ganin komai a kanta ba, na ce wa kaina abin ya wuce.

Washegarin Babbar Sallah, ranar suya, Inna ta faɗi. Raguna uku aka yanka, nata da na Habibu da na maigidana, duk a gidanta ake soyawa kamar yadda aka saba. Tun bayan asuba take gaban kasko, ga wuta ga rana. Wajen azahar ta miƙe za ta juya nama, matsamin ya suɓuce daga hannunta, ta tafi luu. Allah ya taimaka baya ta yi, ba cikin mai ba. Da muka ɗaga ta, kujerar tsugunon da ta tashi a kai ta jiƙe, zanenta ma haka, a gaban Habibu da matarsa da jikoki. Abin da na yi wata uku ina rufa wa zane, ranar kowa ya gani.

A asibitin garinmu aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata leda uku. Habibu ya ba da ɗaya, maigidana ya ba da ɗaya, wani maƙwabcinmu mai facin taya ya ba da ta uku, ya ƙi karɓar ko kuɗin madara, ya ce shekara nawa yana cin tuwon Sallarta. Likitan da ya zo wani matashi ne, da alama shi ma daga wajen suyar aka kira shi. Ya tambayi Inna tun yaushe take ganin jinin, ta ce kwana biyun nan ne. Ya juyo ya dube ni.

"Tun goma ga azumi," na ce.

Inna ba ta ɗago ba. Habibu ne ya zuba mini ido, irin kallon da har yau in na tuna sai na ji zafi a fuskata. Likitan ya ajiye biro ya faɗi maganar da na haddace kamar karatun allo: macen da ta shekara da daina al'ada, ko ɗigo ɗaya ta gani, a ranar ya kamata asibiti ya kwana da saninsa, ba gobe ba. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano.

Sati na biyu bayan Sallah muka fara zaryar Kano. Mukan fita bayan sallar asuba mu hau motar haya a tasha, mu haye gada gari bai gama wayewa ba, amma duk sammakonmu sai mun tarar da layin kati ya yi kwana. Ranar farko muka samu lamba ta hamsin da wani abu, Inna tana zaune a benci tana gyangyaɗi, ni ina tsaye da fayil a ƙirji kamar mai neman aiki. Sai wajen ƙarfe biyu aka kira mu. Muna shiga ta ga likitan namiji ne, kuma ya ce sai ta hau gado ya duba ta. Ta gyara mayafinta ta ce a'a, sa'an Habibu ne, ba za ta iya ba. Ya lallashe ta, nas ta lallashe ta, ta kafe. Aka ce likita mace sai Talata mai zuwa.

A mota ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Inna murya. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kunyar nan ce ta kawo mu inda muke. Ta bar ni na gama, har mun wuce rabin hanya, sannan ta ce a hankali, tana kallon taga, "Kunyar wa?" Na ɗauka gatse ne irin nata, na kawar da kai ina huci har Wudil.

Likitar da muka gani ranar Talata babbar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan fara'a amma hannunta da sauƙi. Ta sa aka yi hoto, sannan aka ɗebi 'yar tsoka daga mahaifa aka kai gwaji, aka ce mu dawo bayan sati uku. Sati ukun nan sun fi mini shekara tsawo. A cikinsu ne Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ta taso daga ƙauyen Indabo da ƙullin saiwoyi a bakin zane. Ta ce sanyi ne kawai ya yi wa Inna yawa, a jiƙa wannan a sha, a tafasa wancan a zauna a ciki. Ta ja ni gefe ta ce in ma aka ce daji ne kada mu kuskura mu bari a taɓa ta da wuƙa ko allura, daji ba ya son ƙarfe, da ya ji shi sai ya fantsama. Habibu kuma ya koma Fatakwal, yana aiko da kuɗi da umarni daidai wa daida. Kullum da sabon asibitin da abokinsa ya ba shi labari. Ban ga laifinsa ba, nisa ne yake cinsa, amma akwai ranar da na ce masa in ya fi ni iyawa ya zo ya karɓi layin kati.

Sakamako ya fito, ciwon daji ne na mahaifa. Likitar ta sa Inna ta jira a waje, ta ɗauki takarda ta zana mini mahaifa, ta zagaye inda ciwon ya fara, sannan ta ja layi zuwa wuraren da ya riga ya taɓa. Ta ce da yana ciki bai fita ba, da cire mahaifar za a yi, mata da yawa suna tashi su ci gaba da harkarsu. Yanzu kuwa aiki ba zai kwashe shi ba, sai dai a rage masa ƙarfi. Na tambaye ta abin da yake cina, na ce da mun zo tun azumi fa. Ta cire gilashinta ta goge.

"Malama, Allah ne masani, mai yiwuwa ya daɗe yana ciki kafin jinin ya nuna. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, wata uku ba kaɗan ba ne a wannan ciwon."

Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba, kuma na yi kwanaki ina jin haushinta saboda hakan.

Aka fara ƙara mata ruwan magani duk bayan sati uku. Duk wanda bai ga wannan magani ba, Allah ya sa kada ya gani. Kwana huɗu bayan kowane zuwa Inna ba ta iya riƙe ko kunu. Bakinta ya yi gyambo, tafin hannunta ya yi baƙi, gashinta ya riƙa biyo mataji. Ranar da na aske mata sauran ina kuka, ita kuwa cewa ta yi mai kitso ta yi asarar ciniki, a je a yi mata jaje. Saniyarta da ake kiwata mata a Indabo aka kai kasuwar Juma'a, Auta ta sayar da 'yan kunnenta, ni na ci adashina tun kafin zagayena ya zo. An sa sunanta a layin gashi, wato na'urar da ake haska wa ciwon, amma yau a ce ta lalace, gobe a ce layi bai iso ba, jibi a ce mu gwada wani gari. Har Inna ta bar duniya layin nan bai zo kanta ba.

Akwai waɗanda ba zan manta da alherinsu ba. Wata nas Bayarabiya da take kiran Inna "Mamana", takan nemo mata jijiya da haƙuri in hannun ya ƙi. Malam Ado direba, da yake ajiye mana gidan gaba ya hana kowa, ya kuma riƙa lallaɓa ramukan hanya har fasinjoji suna masa tsiya. Ɗaliban da suke haya a gidan, 'ya'yan mutane daga garuruwa daban-daban, suka raba wankin Inna a tsakaninsu ba wanda ya sa su. Akwai kuma masu dubiya, Allah ya ba su lada, amma sun gajiyar da mu. A cika ɗaki tun hantsi, mara lafiya tana son ta juya babu hali, sai an kawo ruwa an kawo abin taɓawa, sannan wata ta gyara zama ta fara lissafo wance da wance da irin ciwon nan ya kashe. Wasu kuma su ja ni soro su tambaya da raɗa wai wane irin ciwo ne, kamar Inna sato shi ta yi.

Cikin masu dubiyar har da malamarsu ta Islamiyyar matan aure. Da zan raka ta ta riƙe hannuna ta ce ita ma tana da nata kason na nadama. Ashe tun farkon azumi Inna ta tsaya bayan an tashi karatu ta tambaye ta hukuncin tsohuwar da jini ya dawo mata, wai wata ƙawarta ce. Malama ta ce mata wannan ba haila ba ce, ta yi sallarta ta yi azuminta, amma maza ta je asibiti. Ta ce ta gane babu wata ƙawa, sai dai ta ji nauyin ta matsa. Na dawo ciki ina lissafi. Inna ta san ba lafiya ba, tun kafin in ga tsummokin nan ta sani. Ta ɗauki rabin fatawa ta ajiye rabi, don rabin na biyu yana buƙatar wanda zai kama hannunta ya kai ta.

Bayan zuwa na biyar likita ta ce jikinta ba zai ƙara ɗauka ba, mu koma gida da maganin rage zafi. Na ɗauki hutu a makaranta na tare a gidan. Ni nake mata wanka, ni nake canza mata ƙunzugu, ni nake shafa mata mai a bayanta inda kwanciya ta fara ci. Ranar farko ta runtse ido ta juya fuska bango. Kafin sati ya zagayo mun saba. Jikin da na shekara arba'in da shida ban isa in tambayi lafiyarsa ba, ga shi a hannuna ba nauyi, ina juya shi yadda nake juya jariri. Gwaggo Tabawa ta dawo ta zauna da mu, kuma duk da saiwoyinta, ita ce take karɓata in na gaji, ba ta taɓa cewa ai na faɗa muku ba.

Wata safiya a watan Rajab, bayan na yi mata wanka, ta ce in fitar da ita ta sha hantsi. Na shimfiɗa mata katifa a gindin darbejiya, na jingina ta da filo. Mayafina yana rataye a inda ya saba. Ta daɗe tana kallon igiyar nan.

"Ke," ta ce, "kin gani tun azumi."

Na ce na gani, Inna.

"Na san kin gani. Ai ni nake kwashe zanen in kin tafi."

Na fara ba ta haƙuri, ina cewa na ɗauka mantuwa ta yi, na rufa ne don kada wani ya gani. Ta girgiza kai, har da ɗan murmushi.

"Yo ni da igiyar bayan banɗaki, me zai kai ni tsakar gida? Ba mantuwa ba ce. Bakina ne ya kasa, na ce bari in sa a inda kike rataye mayafi. Na ce tana da boko, in ta gani za ta tambaya. Sau uku ina tsugune a madafi ina jin takunki, ina jira."

Ban san lokacin da na kifa kaina a cinyarta ba. Duk watannin nan ina ganin laifina shi ne na gano sirrinta na yi shiru. Ashe ba sirri ba ne, kirana take yi da iyakar muryar da take da ita, ni kuma na ɗauko zane na toshe mata baki, har ina yaba wa kaina da ladabi. Ta ɗora hannunta a kaina, hannun da ban san nauyinsa ba tun ina yarinya. Ta ce in daina, ba laifina ba ne, ita ta koya mini kawar da kai kuma na iya karatu. Ta ce da na rufa zanen a karo na uku sai ta ce wa ranta to shi ke nan, yarinyar nan ta fi ta kunya, a bari sai bayan Sallah.

Kwana tara bayan nan ta rasu, ranar Alhamis bayan la'asar, Auta tana riƙe da hannunta ɗaya ina riƙe da ɗayan. Har ta cika ba ta kira sunana ba, kuma ban so ta kira ba. Abin da ta gaya mini a gindin darbejiya ya fi suna nauyi. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar nan ta zama kankarar zunubi, ya haɗa ta da Baba a Aljanna.

Ga abin da zan ce wa mata 'yan'uwana, ba don na fi kowa sani ba, sai don na biya kuɗin karatun da tsada. Iyayenmu mata ba za su faɗa ba. An tarbiyyantar da su a kan haƙuri da rufin asiri, kuma kullum akwai wata hidima a gaba da za su fake da ita, in ba azumi ba Sallah, in ba Sallah ba suna ko biki. Hidima ba ta ƙarewa a gidan Bahaushe. Ku karɓe muciyar nan ko suna faɗa, faɗan kwana ɗaya ne. Bana gida shida muka kai wa tuwo maimakon ashirin da wani abu, kuma ba wanda ya mutu da yunwa, waɗanda suka yi gunaguni ma sun gaji sun daina. Mun raba suya kashi uku, kowa ya soya nasa. Da mun yi wa Inna haka tun shekara biyar baya, da ta zage mu tas, sannan ta zauna a inuwa jikoki suna hawa bayanta.

Ni ma ina da 'yar fari, shekararta sha tara, kuma ba tare da na taɓa tsayawa na yi tunani ba, yadda aka yi mini haka na yi mata. "Ke" nake ce mata. Saura kwana huɗu Babbar Sallar da ta wuce muna gidan Inna muna share-share, don Habibu da Auta sun ce a nan za a taru ko ba ta nan. Tana kwance tsohuwar igiyar tsakar gida za ta ɗaura sabuwa, na ce ta bar ta. Sannan na ce, "Fatima."

Ta waiga bayanta tana neman mai kiran, don ba ta san sunan a muryata ba. Na zaunar da ita a bakin ƙofar ɗakin Inna na ba ta labarin nan duka, har da zanen. Na ce in ta ga wani abu a jikina ko a shanyata, kada ta rufa mini, ta tambaye ni ido da ido, in na yi faɗa ta sake tambaya. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, na ɗauka maganar ta yi mata nauyi. Can ta ɗago.

"To Umma, wata biyu ke nan in za ki ɗaga tukunya sai kin dafe ƙarƙashin hammatarki ta hagu. Mene ne a wurin?"

Akwai wani ɗan ƙululu a wurin, kamar ƙwayar gyaɗa, da ban gaya wa kowa ba. Ga rago a ɗaure, ga baƙi a hanya, ga gida ba a gama gyarawa ba. Na buɗe baki zan ce mata sai bayan Sallah, kalmomin har sun hau harshena, sai na ji ba muryata ba ce, ta Inna ce. Na haɗiye su. Na ce ta ɗauko mini mayafina a kan igiya, ta sa takalminta ta raka ni.